Kwamfutar marigayi Baba ta cika, yayana ya ce sai dai a yi fomatin

Ga saƙon da wata baiwar Allah ta turo, na ɗan rage masa tsawo:

"Assalamu alaikum Yaya, don Allah a sakaya sunana. Kwamfutar tebur ce ta babanmu, tunda ya rasu ni ke amfani da ita ina ɗan aikin editin na bidiyo da hotuna. Yanzu layin C ɗin nan ya koma ja, giga 6 kawai ya rage cikin 465, ina buɗe aiki sai ta fara maƙalewa. Yayana ya ce ko dai a yi mata fomatin ko in haƙura in sayi sabuwa, ni kuma hotunan Baba da muryarsa da ya yi rikodin da takardunsa duk suna ciki kuma ba mu da su a wani wuri, kan wannan har mun ɗan yi sa-in-sa da shi. Wata ƙawata ta ce ana ƙara had-dis na biyu amma wallahi tsoron buɗe ta nake kar in lalata. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Kar a yi fomatin, kuma ba sai kin sayi sabuwa ba. Ƙawarki ta yi gaskiya, kwamfutar tebur dama an ƙera ta ne don a buɗe a ƙara mata kaya, da wannan ta fi laftof. Amma ni fa ba jan layin nan na C, mai nuna had-dis ya cika, ne ya tayar min da hankali ba, inda kika ce "ba mu da su a wani wuri" nan gabana ya faɗi, don haka bari mu fara daga nan kafin a zo maganar sukudireba.

Had-dis irin na da, faifai ne na gaske a ciki yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, ga wani ɗan hannu siriri yana shawagi a kansa yana karatu ba tare da ya taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa da kaurin silin gashi ba ta kai ba. Abu ne mai motsi, kuma duk abu mai motsi yana gajiya, shi kuma wannan in zai tafi ba ya sallama. Ni na ɗanɗana kuɗata. Wani dare na kashe tawa lafiya lau, da safe na kunna sai na ji ƙas... ƙas... ƙas daga cikin akwatin kamar agogon bango, allon ya tsaya baƙi, na kashe na kunna ya fi sau goma ina ta addu'a, hotunan shekara huɗu suka tafi a haka, har yau in na tuna sai na ji wani iri. Naki kuma tun zamanin Baba yake aiki, Allah kaɗai ya san awa nawa ya yi yana juyi.

To yau ɗin nan, ba gobe ba, ki samo filash mai girma ko had-dis ɗin waje mai USB, ko aro ne, ki kwafe kayan Baba kaf. Kwafi na ce, Copy, ba Cut ba, a bar na asalin a inda yake. In ya gama kar ki yarda da shi haka kawai, ki shiga cikin filash ɗin ki buɗe hotuna kamar goma daga folda daban-daban, ki kunna muryar ki ji ta har ƙarshe, ki duba yawan fayil ɗin nan da na can ko sun yi daidai. Takardu da muryoyi ba su da nauyi, ki ɗora su a Google Drive ma, giga 15 suke bayarwa kyauta. Masu harkar nan suna da wata ƙa'ida da suke ce wa 3-2-1, wato kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a ajiye shi a wani gida daban saboda gobara ko ɓarawo. Kin ga a nan yayanki zai yi rana. Ki yi masa nasa kwafin ki kai masa ki ce Yaya ga amanar Baba a ajiye mana. Ban jin ya ce a yi fomatin don bai damu da Baba ba ne, mutane da yawa fomatin kaɗai suka sani a matsayin maganin kwamfuta, ta yi tari fomatin, ta yi atishawa fomatin, kuma ina kyautata zaton in ya zauna ya ji muryar nan a kunnensa maganar za ta mutu da kanta. Kar ki tsaya musu da shi kan wa ya fi sanin kwamfuta, gaba yake da ke. Ki nuna masa lissafin kawai: ko an goge komai tas, aikin bidiyo zai sake cika giga 465 cikin 'yan watanni a dawo gidan jiya.

Wuri ɗaya da maganarsa ke da ƙamshin gaskiya shi ne in kwamfutar ta tsufa sosai. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba kowace tsohuwar kwamfuta yake karɓa ba. To amma ko ranar canjin ta zo, had-dis ɗin da kika saya yanzu ba asara ba ne, zare shi za ki yi ki mayar cikin sabuwar.

Bayan kwafi, ki sauke wasu ƙananan manhajoji biyu na kyauta. Ta farko WizTree, ko WinDirStat, za ta zana miki abin da ya cinye wurin, kuma za ki sha mamaki, sau da yawa ba hotunan ba ne, tarkacen da manhajar editin ke tarawa ne a ɓoye wanda suke kira cache, da foldar Downloads da aka shekara ba a leƙa ba, da Recycle Bin, wani lokacin har da Windows.old, wato ragowar tsohon Windows. Ki share waɗannan da Disk Cleanup na cikin Windows da kuma cikin saitin manhajar editin ɗin, za ki samu wurin numfashi. Duk abin da ba ki gane ba a cikin foldar Windows ki ƙyale shi. Ta biyu CrystalDiskInfo, ita za ta gaya miki lafiyar had-dis ɗin da awannin da ya yi yana aiki. In ta nuna Good da shuɗi, alhamdulillah. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa to zancen ya canza, ba ƙari za a yi masa ba, ritaya zai tafi, a mayar da Windows kan sabo.

Yanzu sai buɗewa, kuma ki buɗe ki duba kafin ki sayi komai, don kuskuren da aka fi yi ke nan, mutum ya sayo kaya ya zo ya tarar babu inda zai sa shi. Ki kashe ta, ki zare wayar wuta daga bango gaba ɗaya, ki danne maɓallin kunnawa na kamar sakan goma sauran wutar da ta maƙale ta fita. Murfin gefe ake cirewa, yawanci na hagu in kina kallon fuskarta, noti biyu ne a baya, wasu ma da hannu ake murɗe su, sai ki ja murfin baya ya zame. Kafin ki taɓa komai ki ɗauki hoton cikin da wayarki ta kusurwa biyu uku, sannan ki dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu don wutar nan ta jiki da ke ɗan tartsatsi ta sauka, ki riƙa maimaita hakan jefi-jefi. Abu ɗaya ne na hana ki: akwatin ƙarfen nan mai fanka inda wayar bango ke shiga, wato fawa saflai, ba a kwance shi ko da wasa, yana riƙe wuta ko an zare. Ban da shi babu abin da zai cije ki a ciki, ƙura ce kawai za ta sa ki atishawa.

Ki nemo had-dis ɗin da ke ciki, wani ƙarfe ne mai faɗin tafin hannu, za ki ga waya biyu a bayansa. Siririyar, mai fil 7, ita ce ta SATA mai ɗaukar bayanai, ki bi ta da ido har inda ta shiga madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa, a gefen wurin za ki ga 'yan'uwan ramin an rubuta SATA1, SATA2 haka, ki duba ko akwai wanda ba kowa. Mai faɗin, mai fil 15, ita ce ta wuta, daga fawa saflai take fitowa kuma yawanci akwai wani kan nata yana lilo ba a sa shi ko'ina ba. Sai ki duba ko akwai gurbin da babu kowa a sama ko ƙasan tsohon. Rami, wuta, gurbi, in ukun nan sun samu kin gama da rabin aiki. In kuma 'yar siririyar kwamfutar nan ce irin ta ofis, irin su OptiPlex na Dell ƙanana, to a nan ake samun matsi, wata gurbi ɗaya gare ta, wata wutar ma daga madabod take fitowa ta wata waya tasu ta daban, sai ki rubuta lambar samfurin a intanet ki nemo littafin bayaninta ki ga me take ɗauka. In wuri ya ƙi, ana cire na'urar DVD a ari wayoyinta biyun, iri ɗaya ne a manyan akwatuna, waye ma ke sa faifan DVD yanzu. In kuma kika ga waya mai faɗi kamar bel mai fil 40, IDE ke nan, kwamfutar ta girmi wannan hirar tamu, sai ki tsaya kan had-dis ɗin waje kawai.

Ki kuma leƙa kan madabod ko akwai wani ɗan kwantaccen rami da aka rubuta M.2 a gefensa. Wannan na SSD ne, wato ma'ajin zamani marar faifai mai juyawa, siriri kamar cingam, wanda aka fi samu shi ne 2280, wato faɗi milimita 22 tsawo 80. Sai dai akwai tarko biyu, wani ramin na katin wayfai ne ba na ajiya ba, sannan a wasu madabod ɗin in kika sa M.2 sai ɗaya ko biyu daga ramukan SATA su daina aiki, littafin bayanin ne zai faɗa miki.

To wanne za ki saya? Had-dis mai faifai yana karanta kamar mega 150 zuwa 200 a sakan in yana cikin nishaɗi, SSD na SATA yana kai 550, SSD irin NVMe na ramin M.2 kuma 3500 ko fiye. Amma a wajen yawan wuri mai faifan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ke matsalarki ta wuri ce kuma bidiyo ba ya ƙoshi, don haka ni a ganina ki ɗauki mai faifai na inci 3.5, tera 2 ko 4 (tera ɗaya giga dubu ke nan) gwargwadon ƙarfin aljihu, tera 1 kam kar ki wahalar da kanki, kafin ki ankara ya yi ja shi ma. Kamfani uku ne suka rage a duniya masu ƙera shi, Seagate da Western Digital da Toshiba, duk wanda kika samu cikinsu ba laifi, abin dubawa shi ne salon rubutunsa a kan faifai, CMR ne ko SMR. SMR ɗin ana ɗora layukan rubutunsa ne wani kan wani kamar jeren kwanon rufi don a samu wuri, to in kina zuba masa manyan fayil ba ƙaƙƙautawa sai ya fara ja da ƙafa, ga mai editin CMR ya fi, ki duba lambar samfurin a shafin kamfanin za ki gani. Na hannu ban ba ki shawara ba, in kuma ya zama dole to a haɗa shi a gabanki a buɗe CrystalDiskInfo ki ga awanninsa da idonki. Sannan ki guji 'yan ƙananan nan da ake tallatawa a intanet wai SSD mai tera 16 a kuɗin banza, ƙaramin memori ne a ciki aka yi masa dabara yake ƙaryar girma, zai karɓi kaya yana murmushi ranar da kika zo buɗewa ki tarar da wayam. Wata manhaja mai suna H2testw na tona asirinsu.

Wani abu da ya kamata ki sani tun yanzu don kar ki zage ni daga baya: ƙarin had-dis zai ba ki wuri, zai kuma rage maƙalewar da cikewa ke jawowa, amma ba zai mayar da ita jirgi ba. Ki danna Ctrl da Shift da Esc, ki shiga Performance ki kalli Disk 0, in an rubuta HDD to Windows ɗinki kan mai faifai yake zaune, kuma ranar da kika mayar da shi kan SSD ko na giga 500 ne sai kin rantse an canza miki kwamfuta. Amma wannan aikin wata rana ne, kar ki haɗa taura biyu a baki.

Ki haɗo da wayar SATA lokacin saye, yawanci ba ta zuwa a kwalin, da noti huɗu in akwatinki ba mai maƙalawa da roba ba ne. In babu kan wuta da ya rage akwai 'yar waya mai raba ɗaya zuwa biyu, amma ki nemi mai kyau, masu arhar nan da aka narka robar kansu an sha ganin sun ƙone.

Sawar kanta minti goma ce. A kashe, a zare, a dafa ƙarfe kamar ɗazu. Ki riƙe had-dis ɗin ta gefe da gefe kar ki dafa koren allon da ke ƙasansa, ki zura shi a gurbin bakin wayoyin na kallon inda wayoyi suke, ki ɗaure noti biyu kowane gefe ya zauna daram don ba ya son girgiza. Ki kalli bakin wayar SATA da kyau, za ki ga ramin kamar harafin L yake, ta fuska ɗaya kawai yake shiga, in ya ƙi ki juya shi, kar ki danna da ƙarfi don ɗan harshen robar nan in ya karye shi ke nan an yi asara. Mai ɗan ƙarfe a kai za ki ji ta ce ƙyas in ta zauna. Ɗaya bakin a madabod, sai ta wuta ita ma L ce. Ki ɗan taɓa wayoyin tsohon ki tabbatar hannunki bai sassauta su ba, ki kawar da duk wayar da ke kusa da fanka, ki rufe. Kuma daga yau ba a jan akwatin ko a buge shi da ƙafa yana kunne.

Za ki kunna, ki buɗe This PC, ki ga babu sabon. Kar gabanki ya faɗi, kowa sai da ya yi wannan firgitar, sabon had-dis ba ya fitowa sai an yi masa rajista. Kafin nan ki zare filash ko had-dis ɗin wajen da kika yi kwafi a kai, ki ajiye shi can nesa, don nan ne kaɗai wurin da hannu zai iya kuskurewa a yi kuka. Ki danna maɓallin Windows da X, ki zaɓi Disk Management. Wani ɗan akwati zai fito yana tambaya MBR ko GPT, ki zaɓi GPT, shi MBR ba ya ganin abin da ya wuce tera 2, in kika sa wa mai tera 4 rabin zai zauna a banza. Daga nan za ki ga sabon da baƙin layi a kansa an rubuta Unallocated, ki duba girman ki tabbatar shi ne, wanda ke da C da shuɗin layi ba ruwanki da shi. Ki danna ɓangaren dama na maus a kan baƙin, New Simple Volume, ki bi Next, ki ba shi harafi kamar D ko E, ki bar shi a NTFS, ki sa masa suna ko "Aiki" ne don ki riƙa gane shi. Fomatin ɗin da zai yi a nan na sabon ne kaɗai, babu komai a cikinsa dama. In mai tera 2 ne za ki ga 1.81, mai 4 kuma 3.63, ba cutarki aka yi ba, kamfani na ƙirga dubu-dubu ne Windows kuma 1024, shi ya sa naki na yanzu mai giga 500 yake nuna 465.

In ko a Disk Management ɗin bai fito ba, kusan kullum waya ce ba ta zauna ba, a kashe a sake dannawa, ko a canza rami.

Sai kwashe kaya. Foldar Videos da Pictures da Documents kar ki ja su da maus kawai, ki danna dama a kan kowace, Properties, Location, Move, ki nuna mata sabon wuri a D, ta haka duk abin da kika ajiye nan gaba can zai riƙa tafiya da kansa. Manhajoji kuma ki bar su a C, in kika ja foldarsu za su daina buɗewa. Ki shiga saitin manhajar editin ki mayar da cache ɗinta D. Tsofaffin ayyukanki in kin buɗe za su yi ja su ce ba su ga bidiyon ba tunda ya tashi daga gidansa na da, kar ki tsorata, akwai wurin da za ki nuna musu sabuwar foldar, kina nuna fayil ɗaya yawanci sauran za su biyo. Ki yi ƙoƙari C ya riƙa samun ko kashi 15 cikin ɗari a sake.

Kayan Baba kuwa ban ce ki kwashe su ba. Ki kwafa zuwa D, ki bar na C a inda ya ajiye su da hannunsa, ga na filash, ga na wurin Yaya. In kika kwashe su kacokan zuwa sabon kika goge na tsohon, kin koma inda kika fito, kwafi ɗaya a faifai ɗaya, kuma sabon had-dis ma yana mutuwa, wani a watansa na farko.

In duk da wannan bayanin hannunki na rawa, ba abin kunya ba ne ki kai wa mai gyara, ko ma ki kira yayan naki ku yi tare shi ya riƙe tocila. Amma in mai gyara ne, sai kin gama kwafi tukuna, ki ce masa ƙara had-dis kawai za a yi, ba a taɓa Windows ba a fomatin, ki maimaita sau biyu, kuma ki ja kujera ki zauna a yi a gabanki, aikin bai kai na a ce ki dawo gobe ba. In kin buɗe kin ga wani abu da bai yi kama da abin da na kwatanta ba, ki turo min hoton cikin da lambar samfurin da ke jikin akwatin kafin ki sayi komai, sai in gaya miki wanda zai shiga.